Ƙusoshi Uku a Jikin Famfon Unguwarmu

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Hajj Yusuf, ni da ƙanen mahaifina, da gangar jikin famfon rijiyar unguwarmu a naɗe cikin buhu. Ƙarfen zubi ne, tsohon ƙira, an daina shigo da irinsa. Ƙusoshi uku masu zare da ke riƙe murfinsa sun yi tsatsa sun kafe. Biyu mun riga mun karya musu kai da ƙarfin tsiya. Kwana huɗu ke nan unguwa tana sayen ruwan amalanken jaki.

Mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya ɗaga buhun, ya ce kuɗin mutum uku zai karɓa. A ƙaramar bas ma sai da muka saya wa famfon kujera. Kafin gadar shiga Khartum aka tsayar da mu, wani jami'i ya sa muka kwance buhun, ya daɗe yana leƙa cikin ƙarfen kafin ya ɗaga mana hannu. Daga nan muka wuce har muka haye kogin Farin Nilu.

A unguwar maƙeran Umdurman muka sami ustan da aka kwatanta mana, wato babban mai walda, dattijo, jikan mahajjatan Katsina, Hausarsa rabi Larabci. Ya duba aikinmu, ya aika aka kawo ful, wato dafaffen wake, da shayi. Sannan ya gaya mana abu biyu: da azahar ake ɗauke wuta, kuma idan ƙarfen ya tsage, shi ba ya ɗinke zubi.

Ya ɗora noti a kan guntun ƙusa, ya cika cikinsa da walda har ya yi ja, ya koma ya zauna. Baffana ya dubi agogo, ya ɗauko butar alwala zai sanyaya wurin. Usta ya cafke masa hannu.

"Ya Hajji, ka zuba masa ruwa, gida biyu za ka kwashe shi."

Da ƙarfen ya huce da kansa, ya ɗiga man birki, ya ɗan bubbuga da guduma. Abin da ya ba ni mamaki, sai ya fara ɗaure ƙusar kaɗan kafin ya kwance, gaba da baya, gaba da baya. Ta farko ta fito, ta biyu ma. A ta uku notin ya ɓalle har sau biyu. Ya sake walda, ladan yana gyara murya don kiran azahar. Sifanar da ke hannunsa ta tsaya cik, sai wata ƙara siririya. Na ɗauka zubin ne ya tsage. Ashe ƙusar ce ta motsa.

Bayan la'asar muka isa gida, kafin magariba ruwa ya hau. Kwana huɗu muka yi muna kokawa da ƙarfen nan da hannu huɗu. Usta ya fi rabin lokacinsa a zaune, yana jira ya huce.