Yadda Aka Narkar da Tukunyar Inna

Da aka zo rabon kayan Inna a Kebbe, bayan sadakar arba'in, yayata ta ɗauki gado da kwanonin jere. Ni abu guda na roƙa, babbar tukunyar dalma da Inna ta gada wurin tata uwar. Sai mutum biyu ke iya sauke ta daga murhu. Gindinta ya yi baƙi ƙirin, kunnenta ɗaya ya ɗan karkace, a wuyanta kuma akwai zane uku da Inna ta yi da ƙusa. A cikinta aka dafa tuwon sunana, a cikinta aka dafa na bikina. A bayan a-kori-kura na kawo ta Tambuwal, ina riƙe da ita duk hanya don kada ta bugu.

Shekara shida ina girki da ita kafin ta fara yoyo. Sau biyu mai liƙi yana toshe hujin, a na uku ya ce gindin ya cinye, ba abin da zai kama. Na kife ta a ɗakin ajiya. Duk sanda na shiga ɗibar gero sai na yi tuntuɓe da ita, in yi tsaki in ce, "Wagga tukunya ta ishe ni." Maigidana yana ji. Ni malamar firamare ce, shi ma'aikacin ƙaramar hukuma, mutum ne da ba ya son ganin abu ya lalace yana zaune.

Da ɗiyar yayata ta haihu, na tafi Kebbe suna, na yi kwana biyar. Ranar da na dawo, bayan la'asar, na sami maigidana tsaye a ƙofar madafa yana ta murmushi.

"Malama, shigo ki gani," in ji shi.

Tukwane uku ne sababbi fil, an ɗora ƙarama kan babba, suna walƙiya. Na yi murna ƙwarai, har na ɗan rangaɗa guɗa. Na ɗaga ta tsakiyar ina juyawa, na ce, "Malam, Allah shi saka da alheri. Ina ka samo su?"

"Ba ki gane su ba? Ai tukunyar Inna ce. Na kai ma masu zubi, sun narka ta."

Na ji maganar, amma ba ta shige ni ba. Na ajiye tukunyar, na nufi ɗakin ajiya. Wurin da take kife babu komai sai zagayen da bakinta ya bari a ƙasa. Na tsaya ina kallon zagayen nan. Na zauna kan buhun gero da mayafina da jakata.

Ya biyo ni. Murmushin ya tafi. "Ke fa kika ce ta ishe ki," ya faɗa a hankali.

Gaskiya ce, na faɗi haka, ba sau ɗaya ba.

Da safe, kafin in wuce makaranta, na hau kabu-kabu zuwa rumfar masu zubi a bayan kasuwa. Ban san abin da zan yi a can ba, ina dai son in ga wurin. Wani dattijo ne mai rumfar, yana danna ƙasa mai damshi cikin akwatin zubi na katako da diddigensa. A gefe ga tsibin gwangwanaye da tsofaffin kwanoni da ɓaraguzan injin babur. Na gaishe shi, na kwatanta masa tukunyar.

"Mai zane uku a wuya? Na gane ta," ya ce. "Dalma ce ta da, yanzu babu irinta. Sai da na sa babbar guduma kafin ta fashe."

Na ji kamar a ƙirjina ya sauke gudumar. Na daure na ce, "To Baba, cikin ukun nan, wacce ta fi ɗaukar jikinta?"

Ya dakata da aikin, ya dube ni sosai. "Ɗiyata, ba haka muka yi ba. Mutum in ya kawo tsohuwa, aunawa mukan yi, mu ba shi cikin waɗanda muka riga muka zuba. Taku sai washegari ta shiga wuta, tare da sauran tarkace. Abin da ya fito an kwashe shi zuwa kasuwar Dogon Daji."

Na riƙe ginshiƙin rumfar. Ashe ko ɗigonta babu a gidana. Dattijon ya miƙo mini kujera, ya ce da ya san ta gado ce da ya sa maigidan ya koma ya yi shawara. Ranar na shiga aji, amma ban san abin da na koyar ba.

Na kira yayata a waya. Da na gaya mata abin da ya faru, sai ta ce, "Da na sani, da ni na ɗauke ta." Ta kashe. Mun yi wata biyu muna gaisuwa sama-sama.

Maigidana kuwa kwana uku na yi ina juya ko in gaya masa abin da mai zubi ya ce. A na huɗu, yana shan kunu, na faɗa masa duka. Ya ajiye ludayin.

"Ni na ɗauka ita ce aka mayar maki sabuwa," ya ce. "Wallahi haka na ɗauka. Ki yafe mini, da na tambaye ki."

Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba, ko ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa.

Sababbin tukwanen ba su da kauri. Tuwon farko da na tuƙa a babbar ya kama, ƙauri ya cika gida. Maigidana ya cinye nasa tas. Sai da na yi kusan wata kafin hannuna ya koyi rage musu wuta.