Layin da Na Tsallake

Ranar wata Laraba cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, Malam Habu ya shigo ajinmu riƙe da guntun fasasshen kasko. Ruwan da aka tafka da asuba ya yi yoyo ta kwanon rufi, don haka mun ja bencuna gefe guda mun takure. Ya zana da'ira da murabba'i a allo, ya ce waɗannan gefensu a daidaice yake. Sannan ya ɗaga kaskon, irin wanda muke 'yar gala-gala da shi, ya ce duk abin da gefensa ya zama haka, nan ya shiga nan ya fito, sunansa da Turanci "irregular". Muka yi ta maimaitawa har maƙogwaro ya bushe. Da ya nemi misali, na nuna ruwan da ya kwanta a ƙasan ajin, ya sa aka tafa mini sau uku. Ranar na koma gida ina jin duk unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi babu mai kai irin nawa.

Daga ƙauye muka zo. Baba ya bar noma ya kama acaɓa, muka samu ɗaki biyu a wani gidan haya mai rijiya ɗaya da banɗaki ɗaya, inda in ka yi tari kowa ya ji. Inna tana suyar awara a ƙofar gida. Ni ce mai kai niƙan waken suya inji kafin a buga ƙararrawar makaranta, ni ce kuma mai wanke mata ƙyallen tata in na dawo. Su biyun ba wanda ya yi boko, sai na zama idon gidan: ni ke karanta kwalin magani, ni ke karanta saƙon da ya shigo wayar Baba. Shi kuwa ba ya gajiya da gaya wa abokansa cewa Rabi tana jin Turanci kamar a can aka haife ta. Ƙarya ce, amma daɗinta nake ji, ban taɓa gyara masa ba.

Ba a yi wata guda da darasin kaskon ba wani ƙullutu ya fito wa Inna a mama na hagu. Ta jima tana ɓoyewa kafin Baba ya matsa ya kai ta wani wurin ɗaukar hoto kusa da babban asibiti. Aka ba su takarda aka ce su kai wa likita, amma layin ganin likita ya yi tsawo, Baba kuma yana son komawa aiki, sai suka dawo da ita gida. A gidan namu akwai Anti Hadiza, ma'aikaciyar jinya, ɗakinta na kallon namu. Inna ta ce ita kam ba za a kai sirrin jikinta tsakar gida ba. Baba ya ce ai ma ba sai an je ko'ina ba, tunda ga Rabi.

Bayan la'asar aka saki labule, aka miƙo mini takardar. Na duba sama na duba ƙasa, kalmomi dogaye ban taɓa ganin irinsu ba. Can a tsakiya idona ya faɗa kan "irregular". Wallahi daɗi na ji, kamar na ga 'yar garinmu a kasuwa. Na gyara murya na ce sun ce abin gefensa ba a daidaice yake ba, kamar fasasshen kasko. A ƙarshen takardar akwai wani layi da aka ja wa zane a ƙasa da biro. Ban gane ko kalma biyu a cikinsa ba. Baba ya tambaye ni ko shi ke nan, yana kallona da wannan alfaharin nasa.

"Shi ke nan, Baba," na ce.

Ya yi hamdala. A saninsa na mutumin ƙauye, ƙullutun da ake tsoro shi ne dunƙulalle mai tauri. Wanda ya riga ya fara farfashewa kuwa ya kama hanyar bajewa, saura a taimaka masa. Aka ninke takardar aka sa a ƙasan kwallar Inna. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, aka aiko da sassaƙe daga gida. Damina ta wuce, aka yi kaka, aka shiga sanyi. Inna ta koma juya awara da hannu ɗaya, daga baya ta bar suyar gaba ɗaya. Ɗakinmu ya fara wani wari da turaren wuta ba ya iya rufewa. Kullum na buɗe kwallar nan sai na ga gefen takardar, in yi saurin mayar da murfi.

Anti Hadiza ce ta ga yadda guga ya suɓuce wa Inna a bakin rijiya. Ba ta nemi izini ba, ta bi ta ɗaki. Da aka ba ta takardar ta karanta, sai ta tambaya wa ya karanta mana. Ina raɓe jikin ƙofa.

"Yarinya ta karanta daidai," in ji Inna. "Ni ce na ce a bari."

Washegari aka kwantar da ita a asibiti. A hanyar kai abinci na tambayi Anti Hadiza ma'anar kalmar, ko zan ji cewa Malam Habu ne ya koya mana ba daidai ba. Ta ce daidai ya koya mana. Sai dai a irin wannan takarda, ƙullutu mai santsin gefe sau da yawa ba ya cutarwa, mai karkataccen gefe shi likita ke gudu. Layin ƙarshen kuwa cewa yake a kai ta ga likita cikin gaggawa. Inna ta rasu kafin zafi ya shigo. Ko da an kai ta da wuri za ta tashi, Allah kaɗai ya sani, kuma na yarda kwananta ne ya ƙare. Amma wata shida takardar nan tana cikin kwalla, kuma ni na sa ta a can.

Yanzu a unguwar nan in aka ba mutum irin wannan takarda, hotonta yake ɗauka a waya ya tura wa wanda ya sani, kafin ya iso gida an ba shi amsa. Gidan hayar an rushe shi an yi shaguna. Baba ya tsufa, yana zaune wurin ƙanena a Darmanawa, in na je gaishe shi har yanzu sai ya gaya wa baƙi cewa tun ina ƙarama nake karanta takardar likita. Nakan yi murmushi in zuba masa shayi. Har yau bai san akwai layin da ya tambaya na ce babu ba.