Tsagar Inna

Shekarar da na sayi kamera, kowa a Magarya ya zama malamina. Tambaya ɗaya na yi: wane lojisiyel, manhaja ke nan, zan riƙa yin montaj da shi, wato yanka bidiyo da haɗa shi? Mai gyaran waya ya saka mini wani mai nauyin tsiya a ordinater, kwamfutata ta hannu. Da na buɗe shi sai injin ya kama huci kamar jakin da aka yi wa lodi. Wani na kyauta kuma tambarinsa yake mannawa a tsakiyar hoto. Abokina ya ce in daina wahalar da kaina, in yi da na cikin waya.

"Shi amare ke so," in ji shi. "Da kansa yake gyara fuska."

Ni da ba na son wahala, nan take na yarda.

Aikina na farko suna ne a Guci, gidan wasu makiyaya masu noma. Kakar jaririn na zaune gindin rumbu tana sa albarka, na ɗauke ta ba tare da an ce in ɗauka ba. Ina cikin montaj labari ya zo ta rasu. Babbar 'yarta ta same ni a shago, ta ce ƙanenta na kan hanya daga Libiya, gobe zai iso. Ya yi shekaru bai ga uwarsu ba, kuma ba su da hotonta ko ɗaya.

Na kunna mata wanda na haɗa a waya, ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo.

"Wace ce wannan?"

"Inna ce mana."

"Ina tsagarta?"

Tsohuwar na da tsagar gado a kumatu, amma lojisiyel ya ɗauke ta tabo, ya goge tas, ya bar fuska sumul, har da ƙarin haske. Na nemi inda ake kashe abin na rasa. Haushi ya kama ni, na abokina da na wayar baki ɗaya.

Allah ya taimake ni ainihin abin da na ɗauka na nan a ordinater. Sai dai ba mai haɗa shi sai mai nauyin nan da na guje wa. Na buɗe, injin ya kama hucinsa. Ina yanka yana tsayawa, ina salati yana motsawa. Matar na kan benci tana jira. Ana la'asar kuran, wato lantarki, ya ɗauke, saura batir. Motar Guci ta ƙarshe ta cika, aikin bai gama fita ba. Haka na shiga motar da ordinater a buɗe bisa cinyata, ina kare shi da hannu duk ramin da muka faɗa. Muna dab da isa ya gama.

Washegari ƙanen ya iso, dogo, ramamme, da tsaga irin tata a kumatu. Bayan an yi gaisuwa aka ba shi wuri a zaure, na kunna. Ba kiɗa, ba ado, hoton ma na ɗan rawa. Da tsohuwar ta fito sai ya ce, "Tsayar nan."

Na tsayar. Ya sa yatsa a kan gilashin, yana bin tsagar ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na sunkuyar da kai, don idona ya cika.

"Inna," ya ce. "Ga ni na zo."