Ragowar Maganin Kare

A shekarun da nake riƙe da sito a wata masana'antar robobi a Sharaɗa, akwai wani jan kare da ke gadin bayan injina. Ba ruwana da shi, shi ma ba ruwansa da ni. Mai kula da shi maigadi ne, wani dattijo mutumin Nijar, da ke sa tsohuwar riga ta daban in zai taɓa shi.

Da damina ƙuraje suka feso wa karen a ciki da hammata, gashi yana zuba, ga wari. Kanikawa suka ce a shafa masa baƙin mai, su dama komai baƙin mai ne maganinsa. Manaja ya kira likitan dabbobi, ya kuma faɗa a gabanmu cewa in karen bai warke ba, za a fitar da shi. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatar. Ya bar kafso na sati uku, safe da yamma, ya ce ko an ga ƙurajen sun bushe a ci gaba har ya ƙare. Da kunnena na ji.

A hannuna aka ajiye maganin, kamar komai na kamfani. Kullum dattijon ya zo tagar sito in ba shi biyu, ya cusa cikin tuwo. Kwana goma fatar ta bushe, gashi ya fara tsirowa. Ni kuwa tarbiyyar sito gare ni, injin da ke aiki ba a fitar masa da kaya. Da dattijon ya miƙo hannu na ce ai kare ya warke.

"Malam, likita cewa ya yi sai ya ƙare," in ji shi.

Na ce in ciwon ya dawo a ba shi. Bai ja ba, ya koma bakin ƙofa.

Bayan sati biyu ƙurajen suka dawo har wuya, suna ruwa. Na fito da ragowar, aka ba shi, ko gezau. Likita ya ce sai an yi gwaji an canja magani, amma manaja bai jira ba. Ranar Asabar da hantsi aka kawo motar kaya, dattijon ne ya ɗora karen, don ba mai taɓa shi. Manaja ya tambaye shi ko ya bi maganin yadda aka ce.

"Ranka ya daɗe, abin da aka ba ni na ba shi."

Bai dube ni ba. Kunya ta rufe ni, amma na juya na koma sito.