Na'urar Baba da amsar Legas

"'Yammata, yau dai saurayin ya tuna da ke," in ji mutumin gidan waya na Kafanchan, ya miƙo min ambulan. Kunya ta kama ni, na cusa shi cikin littafin soyayyar da nake ɓoyewa a jaka. Wane saurayi? Wasiƙar Baba ce, daga Legas.

Baba makanikin jirgin ƙasa ne. Da famfon keke ya haɗa na'urar zuƙe majina daga hancin jarirai, da ƙafa ake taka ta, ko babu wuta. Ya sa ta a kwali ya aika Legas a yi masa rajista, kada wani ya ce tasa ce. Ina aji ɗaya na fara zuwa duba amsa, ranar nan ina aji biyar. A littattafaina, jira irin wannan an yi aure har an haifi 'yan biyu.

Na karanta masa: ba na'ura ake aikawa ba, zane da bayani a rubuce suke so.

"Wato ko kwalin ba su buɗe ba?"

"Sun ce ka je ka ɗauka, Baba, yana tare musu wuri."

Mama ta ce, "Kai, sun yi sauri, Allah ya saka musu. Wani mai walda na garin Manchok ya daɗe yana ƙera irinta, har da sunansa a jiki."

Baba ya ce, "Tasa tana aiki?"

"Tana yi."

"To, jariran dai suna numfashi."

Bai sake aika komai ba. Har yau ban sani ba, haƙuri ne ko gajiya. Ku me za ku kira shi?