Armel da Zanen Masu Girbi

Armel Thibaudeau maƙwabcina ne a wani ƙauye kusa da garin Chartres a Faransa. Shekara arba'in yana tuƙa motar girbi a gonakin mutane, har bayansa ya ƙi miƙewa. Da ya ajiye aiki sai ya shiga tara zane-zanen girbin alkama, irin waɗanda aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. In ka matsa kusa, dabbaren fenti kawai za ka gani, sai ka ja da baya mutanen ciki su fito.

Yana da dalilinsa. A kakar 1953 wani mai zane ya tsaya a gonar da mahaifiyarsa ke ƙodago, ya zana ta tana ɗaure dami. Ita ta ba shi labari, amma ba ta riƙe sunan mutumin ba. Armel bai taɓa ganin zanen ba, shi yake ta nema.

Kowace Lahadi yana kasuwar 'yan gwanjo, yana jan ƙafa. Matarsa Ghislaine ta yi ta mita har ta gaji.

"Maigida, har banɗaki ka rataye alkama. Kaji kawai suka rage mu kawo."

Shi dai sai ya ɗauko guduma da ƙusa.

Wata rana Prosper, dillalin tsofaffin kaya, ya kira shi: an samu zanen wata mace tana ɗaure dami, ga shekarar a rubuce a baya. Ni na kai shi, don ya daina tuƙi mai nisa.

"Dattijo, yau dai ga gyatumar taka," in ji Prosper.

Armel ya dogara sanda, ya ja da baya, ya daɗe yana kallo.

"Ba ita ba ce."

"Haba! Yaya aka yi ka sani?"

"Wannan murmushi take yi. Kai ka taɓa ɗaure dami?"

Da muka iso ƙofarsa sai ya ce, "Na gaji, ɗan'uwa."

Daga ranar bai sake zuwa kasuwa ba. Bayan rasuwar Ghislaine ya koma gidan kula da tsofaffi, ya tafi da zane-zanen duka, aka jera su a ɗakin cin abinci. In na kai ziyara nakan tarar da tsofaffin manoma a gabansu, suna musu ko wannan alkama ce ko sha'ir. Armel yana kujerarsa yana gyangyaɗi, ba ya sa musu baki.