Malamar da Ta Jingine Kwandon Wayoyi

Malamar labarin ƙasa ta makarantarmu ta rasu da safiyar Talata, 11 ga watan nan, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Saura kwana shida ta tsaya gaban kwamitin iyaye da malamai, wanda ke shirin hana shiga aji da waya, matakin da zai kashe darasinta na Litinin.

Malama, ke kika fara ajiye kwando a ƙofar aji, kowa ya saka wayarsa, har ɗalibai suka raɗa miki Mai Kwando. Ke kuma kika fara jingine shi, ranar da kika gano rabin wayoyin matattu ne, na kakanninsu, masu aikin suna cikin safa. Kin shigo ofishin malamai kina dariya har da hawaye. "Ashe shekara biyu gadin bola nake yi," kika ce.

Daga nan kika sauya dabara. Tunda amsa ba ta yi musu wuyar samu, sai kika daina neman amsa. Kowace Litinin kowa zai kawo abin da ya karanta a intanet, ya faɗi wanda ya rubuta, ya nuna inda aka yi kuskure. A mako na uku wata ɗaliba ta tono tsohon rubutuna na jarida, inda na rage wa wani kogi kilomita ɗari biyu. Kika turo min ita. "Malam, Malama tana gaishe ka, kuma kogin ya fi haka tsawo." Ita ta sami maki goma, ni kika ba ni huɗu.

Darasin minti ashirin da kike naɗa musu a bidiyo, a minti goma suke kallonsa, don ninka gudunsa suke yi, muryarki kamar ta tsuntsu. "Su yi ta gaggauta ni," kika ce, "in dai za su dawo da tambaya." Suna kuwa dawowa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba maigidanki da 'ya'yanki uku haƙurin rashinki.

Kwamitin bai ɗage zamansa ba. 'Yan ajinki sun rubuta takarda suna neman minti goma su yi bayani a madadinki. Shugaban kwamitin ya amince da baki. Har yanzu ba a ga sa hannunsa a takardar ba.